Gadon Kimiyya da Injiniyanci a Makarantun Birnin Katsina

Birnin Katsina, hedikwatar Jihar Katsina tun da aka ƙirƙiro ta a 1987, yana cikin garuruwan ƙasar Hausa da suka daɗe da yin suna a karatu. Idan ana maganar gadon kimiyya da injiniyanci a manyan makarantunsa, zamani uku ake nufi: zamanin Gobarau da zaurukan malamai daga ƙarni na 15 zuwa na 18, da zamanin Kwalejin Katsina daga 1921 zuwa 1938, sai kuma zamanin jami'o'in da aka kafa daga 2005. A wurin taro akan jera su kamar kaka da ɗa da jika, amma ba wanda ya haifi wani a cikinsu. Kowanne da tushensa da harshen karatunsa da abin da ya sa aka kafa shi, kuma sau biyu abin da birnin ya rena yana tashi ya koma wani gari.

Gobarau da zaurukan malamai

Hasumiyar Gobarau ita ce abin da ya rage na tsohon masallacin Juma'a na birnin. Ginin ƙasa ce, tsayinta kimanin mita 15, hawa-hawa, tana tsukewa yayin da take yin sama, da matakala har zuwa ƙololuwa. Tarihin baka yana danganta ta ga Muhammadu Korau, wanda ake ɗauka Sarkin Katsina Musulmi na farko. Masana sun saɓa a kan zamaninsa: wasu jerin sarakuna sun sa shi a ƙarni na 14, Dokta Yusufu Bala Usman da wasu kuwa sun kawo shi rabin ƙarshe na ƙarni na 15. Wannan lissafi na biyu ya fi dacewa da zuwan Muhammad bin Abdulkarim Almagili, malamin Tilimsan da Tuwat, wanda ya ratsa Kano da Katsina a shekarun 1490.

Daga nan birnin ya shiga cikin zirga-zirgar malaman Sahara. Jalaluddin Suyuɗi na Misira ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim wasiƙar nasiha. Aida Ahmad Attazakti, wanda ya yi karatu a Tambutu da ƙasashen gabas, ya zauna a Katsina ya zama alƙali har rasuwarsa wajajen 1529. Bayan da rundunar Maroko ta ci daular Songhai a 1591, wani kaso na fataucin Sahara ya karkato gabas, Katsina ta ƙara cika da fatake da littattafai. A ƙarni na 17 ta fitar da nata manyan malamai, Ɗan Marina da almajirinsa Ɗan Masani, wanda ya rayu daga 1595 zuwa 1667.

Sau da yawa ana kiran Gobarau jami'a, har wasu su ce ita ce ta farko a Nijeriya. Maganar tana buƙatar gyara kaɗan. Ba wata hukuma guda da take ɗaukar ɗalibai ko ta ba da takardar shaida da sunan makaranta. Ɗalibi yakan zauna gaban malami ya sauke littafi guda, malamin ya ba shi ijaza, ya tashi ya nemi wani malamin don wani fannin, ko a wata unguwa ko a 'Yandoto ko a Barno. Masallaci shi ne matattara, amma yawancin karatun a zaure ake yin sa. Haka tsarin yake a Sankore ta Tambutu, kuma haka Azhar ta daɗe tana yi. Idan da wannan ma'ana aka ce jami'a, to an faɗi daidai.

Fiƙihu da tafsiri da hadisi da nahawu su ne ginshiƙin karatun. Lissafi da ilimin taurari sun shigo ne ta ƙofar ibada da shari'a. Rabon gado ba ya yiwuwa sai da hisabi: alƙalin da aka kawo wa gadon mamacin da ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu dole ya san yadda zai haɗa sumuni da sudusi da sulusi biyu a kan asali guda, 24, ya kuma san inda ragowar za ta tafi. Lokutan salla suna buƙatar awon inuwa. Shekarar noma kuwa ba ta bin watannin Hijira, saboda haka malamai suka riƙe lissafin manzilolin wata 28 don sanin shigowar bazara da faɗuwar damina da lokacin ɗari. Cikin rubuce-rubucen da ake danganta wa Ɗan Masani akwai amsar da ya ba malaman ƙasar Yarabawa a kan tantance lokacin faɗuwar rana.

Sai kuma alƙibla. Akwai labarin da ake bayarwa a Katsina cewa da za a gina masallacin, malamai sun yi gardama a kan inda zai fuskanta, har wani Malam Jodoma ya nuna da sandarsa aka hango Ka'aba. Labarin na karama ne, amma matsalar da ke ƙarƙashinsa ta lissafi ce. Katsina tana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, Makka kuwa ta haura digiri 21, kuma tana gabas da Katsina da kimanin digiri 32. Wanda ya fuskanci gabas sak daga Katsina ya kauce. Sai ya karkata arewa da kimanin digiri 20 kafin ya daidaita.

Muhammadu Alkashinawi

Sunan da ya fi fita a wannan fage shi ne Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, masanin lissafi da falaki da ilimin haruffa. Ya yi karatu a ƙasar Katsina da Barno, ya tafi aikin hajji wajajen 1730, bai kuma dawo ba. A 1732 ya rubuta Bahjatul Afaƙ, littafi a kan haruffa da hatimai, bayansa kuma ya kammala Addurrul Manzum, wanda ya shafi taurari da ɗalasimai, aka kuma buga shi a Alƙahira daga baya. A Alƙahira ya sauka gidan Hasan Aljabarti, malami masanin falaki, wanda ya karanci ilimin hatimai a wurinsa. A gidan ya rasu a 1741, ya bar wa mai masaukinsa littattafansa. Ɗan mai gidan, Abdurrahman Aljabarti, shi ne babban marubucin tarihin Misira na wancan zamani, kuma ta alƙalaminsa ne labarin Bakatsinen ya tsira.

Hatimin da ake magana a kai murabba'i ne da aka raba gida-gida, a zuba lambobi a jere daga 1, ta yadda kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da jimla iri ɗaya. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida uku-uku, wanda malamai ke danganta wa Gazali: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina aka tara 15 ne. Lambobin kusurwoyinsa, 2 da 4 da 6 da 8, su ne haruffan ba da dal da wau da ha a lissafin abajada, shi ya sa ake ce masa buduhu.

Ba da lalube ake cika gidajen ba, akwai ƙa'ida. Ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyin da littattafan Larabci suka kawo don hatimin da yawan gidajen layinsa mara ne, wato 3 ko 5 ko 7, ita ce: a sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya, a riƙa gangarawa a karkace, gida ɗaya ƙasa gida ɗaya dama. In an fita ta ƙasa a shigo ta sama, in an fita ta dama a shigo ta hagu. In aka tarar gidan da za a shiga da lamba a ciki, sai a sauka gida biyu a miƙe daga inda aka tsaya, a ci gaba. Mai karatu zai iya gwadawa a takarda, zai ga hatimin da ke sama ya fito da kansa. Jimlar ma ana sanin ta tun kafin a fara: a ninka yawan gidajen layi da kansa, a ƙara 1, a sake ninkawa da yawan gidajen, a raba biyu. Mai gida biyar-biyar zai ba da 65, mai bakwai-bakwai 175. Alkashinawi ya kawo hanyoyi da dama na gina irin waɗannan hatimai na mara, kuma wannan ɓangare na aikinsa ne ya ja hankalin masu tarihin lissafi, musamman bayan da Claudia Zaslavsky ta yi bayaninsa a littafinta na 1973 a kan lissafi a al'adun Afirka.

Alkashinawi kansa bai raba lissafin da asirin ba. A wurinsa hatimi abin aiki ne na addu'a da neman tsari, har yana yi wa ɗalibi nasiha da ɓoye abin da ya koya. Masu son mai da shi farfesan lissafi irin na yau sukan tsallake wannan, masu ƙyamar ɗalasimai kuma sukan yi watsi da shi ɗungurungum. Duka biyu sun rage masa wani abu. Ƙa'idojin da ya rubuta ingantattu ne, ko me mutum zai ce game da abin da aka yi nufin yi da su.

Aikin magina

Injiniyancin tsohuwar Katsina ba a zauren malam yake ba, yana hannun magina, sana'ar gado mai sarkinta, wadda ake koyo a kan bango ba a littafi ba. Tubali ake yi da jar ƙasa da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa, a mulmula shi da hannu, gindi da faɗi kai a tsuke, a shanya a rana. Ana jera shi a tsaye, a cike tsakani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa. Bango yakan yi kauri a ƙasa ya riƙa sirancewa zuwa sama, abin da ke sauke nauyi zuwa tushe. Siffar Gobarau ke nan. Rufi kuwa da azara ake yi, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Matsalarta ita ce in tazarar ta wuce kimanin mita 2 sai ta lanƙwashe a ƙarƙashin nauyin ƙasa. Don a sami ɗaki mai faɗi, magina suka riƙa dasa azara a bango suna turo ta ciki hawa-hawa, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasansa, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama. Wannan shi ne bakan gizo, kuma idan bakuna suka gicciya juna a tsakiyar ɗaki an sami ɗaurin guga. Ƙasa tana ɗaukar dannawa, azara tana ɗaukar ja, aikin da siminti da rodi suke raba wa junansu a ginin zamani.

Babban abokin gabar ginin ƙasa ruwa ne. Saboda haka ake shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ko da laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, a kuma sa indararo ya jefa ruwan rufi nesa da gindin bango. Duk da haka gini yana son yaɓe a kai a kai, in aka daina sai ya fara zaizayewa. Abin da ya sami Gobarau ke nan. Bayan jihadi, a zamanin Sarki Ummarun Dallaje, Juma'a ta koma wani masallacin, tsohon ya rushe, hasumiyar ta lalace. Sai a zamanin Sarki Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, aka tara magina suka gyara abin da ya rage. Hasumiyar da ake gani yau ta sha wannan gyara da wasu bayansa, kuma tana cikin kayan tarihi na ƙasa.

Mafi girman aikin maginan shi ne ganuwa. Heinrich Barth, Bajamushen da ya shigo Katsina a 1851, ya ƙiyasta kewayenta mil 13 zuwa 14, amma ya tarar mutanen da ke ciki ba su wuce dubu 7 zuwa 8 ba, don yaƙe-yaƙe da Maraɗi sun kori kasuwa zuwa Kano. Yawancin ganuwar ta tafi, sunayen ƙofofi ne suka zauna: Ƙofar Ƙaura, Ƙofar Ƙwaya, Ƙofar Guga, Ƙofar 'Yanɗaka, Ƙofar Sauri, Ƙofar Durɓi, Ƙofar Marusa.

Kwalejin Katsina

A 1921 gwamnatin Turawa ta buɗe kwalejin horon malamai a Katsina, Gwamna Hugh Clifford ya yi bikin buɗe ta a watan Maris na 1922. Sunan garin a ilimi da goyon bayan Sarki Dikko suna cikin dalilan zaɓen wurin. Ɗalibai daga lardunan Arewa ake ɗebowa, a koyar da su da Turanci na shekara biyar, su koma su koyar a makarantun lardi. An gina ta da jar ƙasa da azara, aikin maginan gari, saboda haka a jikin ginin kaɗai tsohon ilimi da sabo suka haɗu. A manhaja ba su haɗu ba: lissafin da aka koyar daga littattafan Ingila ya zo, Larabci da addini kuwa aka bar wa malamai irin su Malam Bello Kagara.

Da farko ba a yi ta don kimiyya ba. Malaman aji ake nema, kuma abin da ta fi fitarwa ke nan, sai daga baya suka zama 'yan siyasa da marubuta: Ahmadu Bello, Abubakar Tafawa Ɓalewa, Kashim Ibrahim, Aliyu Makaman Bida, Isa Kaita, Abubakar Imam. Wajajen 1930, bayan gyaran tsarin ilimi na E. R. J. Hussey, aka ɗaga ta zuwa babbar kwaleji, aka shigo da darussan kimiyya don a sami waɗanda za su shiga aikin asibiti da gona da daji da ma'aikatar ayyuka. Matakin bai kai na Kwalejin Yaba ta Legas ba, inda aka yi kwasa-kwasan likitanci da injiniyanci sosai, kuma wannan tazara ta daɗe tana bin Arewa.

Kimiyyar ba ta daɗe a Katsina ba. A 1938 aka mai da makarantar Kaduna, kusa da hedikwatar gwamnati, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 ta ɗauki sunan Kwalejin Barewa. 'Ya'yan da ta haifa a fannin kimiyya a can ta haife su, irin su Farfesa Iya Abubakar, masanin lissafi wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1975 zuwa 1978, da Farfesa Jibril Aminu, likitan zuciya. Tsohon ginin da ke Katsina yanzu gidan adana kayan tarihi ne na ƙasa. Daga 1938 har ƙarshen ƙarnin, Bakatsinen da ke son digiri a kimiyya ko injiniyanci sai ya bar gida, galibi zuwa Zariya.

Jami'o'in yau

Gurbin ya fara cikewa ne da kwalejin kimiyya da fasaha, wadda yanzu take ɗauke da sunan Janar Hassan Usman Katsina, Gwamnan soja na Jihar Arewa daga 1966 zuwa 1967. Ita ta daɗe tana horar da masu difloma a aikin gini da lantarki da injina da safiyo, kuma yawancin ma'aikatan fasaha na ma'aikatun jiha da ƙananan hukumomi ta irin wannan hanya suka bi. Jami'a ta farko a birnin mai zaman kanta ce, wadda aka ba lasisi a 2005 kuma ake kira Jami'ar Al-Qalam a yau, an kafa ta a kan tsarin Musulunci. A 2006 gwamnatin jiha ta kafa Jami'ar Jihar Katsina, ta fara karatu a 2007, aka sauya mata suna zuwa Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2009. Dukansu uku, har da Kwalejin Ilimi ta Tarayya, suna kan hanyar Dutsin-ma, a kudancin gari, nesa da unguwannin tsofaffin malamai.

Wanda ya kafa jami'ar jihar malamin kimiyya ne kafin ya zama ɗan siyasa. Umaru Musa 'Yar'aduwa ya yi digiri a koyar da kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ahmadu Bello a 1975, ya ƙara digiri na biyu a fannin, ya koyar a Zariya da kwalejin fasaha ta Katsina har 1983. Ya yi Gwamna daga 1999 zuwa 2007, ya zama Shugaban Ƙasa har rasuwarsa a watan Mayu na 2010. Jami'ar ta tashi da tsangayar kimiyya tun farko, mai sassan lissafi da kwamfuta da fiziks da sinadarai da nazarin halittu, daga baya kuma aka kafa mata cibiyar binciken makamashi mai sabuntuwa da ke ɗauke da sunan Ibrahim Shehu Shema, Gwamnan da ya gaje shi. Zaɓen fannin ya dace da wurin: rana tana da ƙarfi kusan duk shekara, iskar hunturu tana kaɗawa, itacen girki yana ƙaranci, wutar lantarki kuma ba ta isa.

Karatun injiniya yana son masana'antar da ɗalibi zai je ya taɓa inji, kuma a nan Katsina ba ta yi sa'a sosai ba. Kamfanin mulmula ƙarafa na Katsina, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980 tare da takwarorinsa na Jos da Oshogbo, an tsara shi ya fitar da tan 210,000 na rodi da waya a shekara. Sai dai ɗanyen ƙarfen daga Aladja ta Jihar Delta ta yanzu ake jiran sa, tafiyar fiye da kilomita dubu, kuma da can ta durƙushe sai nan ma aiki ya ja baya, har aka sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa. Tashar lantarki mai aiki da iska ta Lambar Rimi, wadda aka faro tunaninta a zamanin gwamnatin 'Yar'aduwa a jiha, tana da fankoki 37, kowace mai kilowat 275, jimla kimanin megawat 10. Kamfanin Vergnet na Faransa aka ba kwangilar. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyansa Francis Collomp a Rimi, ya kuɓuta a Nuwamba na 2013, aikin kuma ya shafe fiye da shekara goma yana tafiyar hawainiya.

A wajen birnin, Gwamnatin Tarayya ta kafa jami'a a Dutsin-ma a 2011, sannan ta kafa jami'ar sufuri a Daura, wadda aka tsara don injiniyancin jirgin ƙasa da hanyoyi, a daidai lokacin da ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina da Jibiya. Asibitin tarayya na Katsina kuma an ɗaga shi zuwa asibitin koyarwa a 2022.